Alli a Hannun Naila

Bakin ruwa, bayan Fatakwal
22 ga Satumba

Fatsuma,

Assalamu alaikum. Yau shekara ɗaya da wata takwas ke nan rabona da Samaru, tun safiyar da kika rako ni bakin titi da ledar dambu. Ina fata kina lafiya ke da yara, da fatan ƙafar nan ta daina kumbura. Ni lafiya lau in ban da baya, shi kuma ya riga ya zama abokin zama. Kwana tara ruwan sama bai ɗauke mana ba. Jirgin haƙar yashin da nake aiki a kai yana nan inda kika san shi, ni ma ina nan cikin sito, tsakanin noti da galan-galan na mai. Waya har yanzu sai an hau saman tanki, in an hau ɗin ma kalma biyu ake ji cikin biyar, shi ya sa na koma takarda. Mai kwalekwalen da ke kawo mana abinci zai ba direban tirelar barkono, shi zai kawo miki.

Maganar Naila ce ta sa na rubuto. Yaya Bappa ya same ni a waya ranar Juma'a, kuma ɗan abin da na iya ji ya ishe ni. Ya ce ya bar shagonsa na kasuwar Sabon Gari ya je makarantarsu don ya wakilce ni a taron iyaye. Ya isa da wuri, sai ya leƙa ajinsu ta taga. Yara sun fi ɗari, wasu a benci wasu a ƙasa, babu malami, ga Naila a gaban allo da alli a hannu tana koyar da su. Minti goma sha biyar ya tsaya bai ga babba ko ɗaya ba. Ya ce mini, "Umaru, makarantan nan ya mutu, 'yarka aka bari da gawan." Tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

Kin san tarihina, amma bari in maimaita kada ki ce zafin kai ne. Ni ma makarantar gwamnati na yi. Ranar jarrabawar gwaji ta fiziks aka jera mini wasu kaya a tebur waɗanda ban taɓa gani ba sai a zane. Na zauna ina kallonsu suna kallona har aka ce a ajiye biro. Abin da ya kawo ni nan ke nan, ina da shekara arba'in da takwas ina miƙa wa sa'o'in ƙannena sifana, suna kirana aboki. Wasunsu mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba. Malaman makarantar su Naila ma ban ce mugaye ba ne, mutum ɗaya ba ya iyawa da yara ɗari. Amma uzurin malami ba ya shiga takardar sakamako.

Tana aji shida yanzu, shekarar nan ce kawai ta rage mata. Yaya Bappa ya san mai wata makarantar kuɗi a Dogarawa, ya ce ba a taɓa faɗuwa a can ba, kuma ƙarshen Nuwamba ake rufe rajistar Wayek. Ki je ki karɓo takardar canji ki ba shi ya kai ta. Kada ki tsaya sauraren kukanta, na san za ta yi.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Umar Farouk

Samaru
4 ga Oktoba

Malam,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, ƙafa da sauƙi tun da na samu kujera a wajen suyar awara. Masarar gonar Bomo ta yi kyau, an fara cirewa. Takardarka ta zo ranar Laraba tana warin barkono, sai da na yi atishawa uku kafin in kai ƙarshenta.

Ban je karɓo takardar canjin ba tukuna. Ba ƙin maganarka na yi ba, na ɗora ta a kan firij ne sai ka karanta ta Naila da ke haɗe da wannan. Yaya Bappa bai yi ƙarya ba, amma mutumin da ya bar shago a hannun maƙwabci ba ya tsayawa ya ga ƙarshen abu.

Ni ba zan yabe makarantar nan ba. Ban ɗakinsu ba ya shiguwa, yarinyar nan ko ruwa ba ta sha da safe saboda shi. Ajinsu yana yoyo ta kusurwa biyu. Kafin bakwai tana cikin bas zuwa Sabon Gari, ta dawo da yamma kamar an wanke ta an shanya. Duk wannan na faɗa a taron iyaye na bara, aka rubuta, har yau ana rubutawa. Amma mai gadinsu ko kaza ba ya bari ta fita kafin a tashi, kuma ba ranar da ta taɓa dawo mini da cewa an kore su ba karatu.

Zoɓona da kanwata kuwa sun shiga uku. Ta jiƙa zoɓo ta ɗiga kanwa ya koma kore, ta matsa lemun tsami ya dawo ja, ta ce mini wai gwaji ne. Na ce gwajin ya tsaya a kofi ɗaya. Ni a aji uku na tsaya, Malam, amma na san bambancin yaron da ya dawo da karatu da wanda ya dawo da jaka kawai.

Ka karanta tata a natse, ba a tsaye ba. Duk abin da ka yanke bayan nan shi za a yi.

Fatsuma

Samaru
4 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya bayanka? Umma ta ce in tambaye ka ko kana shafa man da ta ba ka, ko yana nan cikin jaka da ledarsa.

Baba, gaskiya ne Bappa ya gan ni da alli. Amma akwai malama a ajin ranar. Tana zaune a bencin ƙarshe, daidai ƙarƙashin tagar da ya leƙo, kuma 'yar ƙarama ce, da ƙyar ta kai kafaɗata. Da aka tashi ta ce, "Baban waye mai doguwar hular nan da ya tare mini haske?" Na ce bappana ne. Ta ce, "Ki ce mishi leƙe ba kyau, in karatu yake so ya shigo ta ƙofa."

Sunanta Malama Adenike, a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ita kaɗai ce malamar kemistiri a duk makarantar, mu kuma mu ɗari da sha biyu ne a ajin kimiyya. In ta tsaya a gaba, na baya ba sa jin komai. Sai ta raba mu gida goma sha huɗu, takwas-takwas, kowane gida da shugabarsa. Ranar Litinin bayan an tashi take zama da mu shugabannin ta koya mana darasin mako har ya zauna. Talata ɗaya daga cikinmu ta hau allo, ita kuma ta koma baya tana saurare. In mutum ya yi kuskure ba ta gyara mishi kai tsaye, sai ta ɗaga hannu kamar ɗaliba ta ce, "Malama, ban gane ba," ta yi tambayar da za ta sa ya ga kuskuren da kansa, ana ta dariya. Laraba da Alhamis kowace ta zauna da 'yan gidanta a gindin dalbejiya. Juma'a tes. In ɗaya daga cikin 'yan gidana ta faɗi, ni da ita ake tsarewa bayan an tashi, don haka ba na wasa da su. Akwai Nonye, babanta taya yake sayarwa kusa da tasha. Bara huɗu take ci cikin ashirin, satin jiya ta ci sha huɗu, ta rungume ni har hijabina ya karkace.

Ba zan ɓoye maka sauran ba. Malamin fiziks ya yi ritaya tun Afrilu, ba a kawo wani ba. Ɗaliban jami'a masu koyon koyarwa sukan zo su yi sati shida su tafi, wata ta iya, wani kuwa littafi kawai yake karanta mana. Kayan gwajinmu saiti uku ne, layi muke bi. In ruwan gwaji ya ƙare da zoɓo muke yi, shi ne Umma take ta ƙorafi.

Makarantar Dogarawa kuma na san ta, Baba. Chika, yayar Nonye, can ta gama. Ranar jarrabawa a allo aka rubuta musu amsa. Ta fito da kiredit takwas, sau biyu tana zana Jam ba ta kai ba, yanzu ita ke aron littafin Nonye.

Ba sai ka yarda da maganata ba. Ka samu wanda ya san abin a wajen aikinku ya rubuta mini tambayoyi goma, Umma ta zauna a kaina in amsa ba littafi. In na faɗi, da ƙafata zan tafi Dogarawa.

'Yarka,
Naila

Bakin ruwa
20 ga Oktoba

Fatsuma,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Ni ina nan.

Yau kusan wata guda ba amsa. Sau biyu kwalekwale yana zuwa, ina tsaye a bakin jirgi kamar mai jiran haihuwa, ba komai sai shinkafa da kifin gwangwani. Na samu Yaya Bappa a waya ya ce ya zo gida sau uku, kina ce mishi a jira. A jira me? Ashe in mutum ya daɗe a waje maganarsa ma takan koma baƙuwa a gidansa. Ban taɓa tilasta miki komai ba, kin sani, amma wannan ba shawara nake nema ba. Ranar da wannan takardar ta iso, washegari a kai ta Dogarawa.

Umar

Bakin ruwa
3 ga Nuwamba

Naila,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Man yana nan, na buɗe ledar jiya don kada in yi wa Ummanki ƙarya.

Takardunku sun iso jiya, bayan kusan wata guda a hanya. Tirelar ce ta lalace a Lokoja, aka juye barkonon a wata mota, direba ya tsaya jinyar tasa da takardunku a aljihu. Ki ce wa Ummanki wadda na rubuta ranar ashirin ga Oktoba na rubuta ta ne ban san kun amsa ba. Maganar da na yi a ciki ba ta cancance ta ba, ta yi haƙuri.

Na karanta taki sau uku, a zaune kamar yadda aka umarce ni. Kin iya tsara magana, wannan ba daga wajena kika samo ba. Amma tsara magana daban, jarrabawa daban. Ni ma a ajinmu ni ne mai baki.

Akwai wani injiniya a nan, Nedu, shi ke kula da famfunan jirgi. Cikinsu shi kaɗai ne ke kiran sunana. Na nuna mishi wajen zoɓon nan ya yi ta dariya, ya ce gaskiya ne yana yi. Ya rubuta tambayoyi goma, biyar kemistiri biyar fiziks, na ce kada ya ji tausayinki. Suna cikin ƙaramar ambulan, kada a buɗe sai Ummanki na zaune. Awa ɗaya da rabi, ba littafi, ba waya, ba Nonye. Abin da ba ki sani ba ki bar wurin fari, kada ki cika mini takarda da surutu.

Ban janye maganata ba tukuna. In an riga an kai ki Dogarawa ki ci gaba da zuwa har in ga amsar.

Babanki

Samaru
12 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka, muna lafiya. Umma ta ce ta haƙura, amma wai sauran maganar sai ka dawo.

An kai ni. Da waccan takardar taka ta zo, Umma ta karanta ta naɗe, ta ce, "Sa hijabinki." Shugabar makaranta ta ba mu takardar canji, ta ce ba za ta goge sunana ba sai ranar rufe rajista. Malama Adenike kuwa ta ce mini, "To wa zai riƙe miki gidan?"

Yau satina biyu a Dogarawa, kuma zan faɗa maka yadda na gani. Mu ashirin da shida ne a aji, kowa da kujerarsa, akwai fanka. Ban ɗakinsu tsaf, har ruwa nake sha da safe. Akwai malamin fiziks, kuma ya san abinsa, na ƙaru da shi. Kemistiri kuwa dikta ake mana mu rubuta, ba mai tambaya. Na tambayi mai makarantar yaushe za mu shiga ɗakin gwaji, ya yi dariya ya ce, "Yarinya, kwantar da hankalinki, ranar mu za mu kula da ku." Bappa na wajen, shi ma ya yi dariya.

Ranar Asabar 'yan gidana su bakwai suka shigo bas har Samaru, wai su huɗu sun faɗi tes. Muka zauna a zaure da gawayi da bayan tire a madadin alli da allo. Sun cinye wa Umma awarar yamma, ta ce Nonye ba cin abinci take ba, kwashewa take.

Ga amsoshin. Umma ta zauna a kaina da muciya da agogon bango, ko tari ba ta bari na yi ba. Tambaya ta tara na bar ta fari, ba a taɓa koya mana ba. Ta bakwai da ta goma na amsa amma zuciyata ba ta kwanta da su ba.

In ka ce in zauna a Dogarawa zan zauna, Baba, ba zan yi maka gardama ba. Sai dai ranar jarrabawa ba zan ɗaga kai in kalli allonsu ba, gara ka sani tun yanzu.

Naila

Bakin ruwa
21 ga Nuwamba

Naila,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ruwa ya ɗauke, baya ma ya yi sauƙi, ko man ne ko hankali ne ya kwanta ban sani ba.

Nedu ya duba a ɗakin famfo da jan biro, ina tsaye a kansa. Kemistiri biyar cikin biyar. A ta uku ya ce kin bi doguwar hanya, amma irin hanyar wanda ya saba nuna wa wani ce. Fiziks biyu kika ci, biyu kika faɗi, ɗaya fari. Ya nemi ya ba ki rabin maki a ta bakwai na ce a'a.

To ga yadda na karanta abin. Inda kike da malama kin cinye, inda babu kin faɗi. Yaya Bappa ya ce makarantar ta mutu, ke kina ganin tana da rai, ni abin da na gani a takarda shi ne ƙafa ɗaya take tafiya da ita. Ban yafe wa waɗanda suka bar yara ɗari da sha biyu wata bakwai ba malamin fiziks ba, kuma ba na jin daɗin cewa mace ɗaya ce ke ɗauke da ku. Ranar da aka canza mata wurin aiki fa? Wannan tsoron yana nan tare da ni.

Akwai abin da ya kamata in faɗa miki. Da aka ce mini ba a faɗuwa a Dogarawa, na gane abin da ake nufi. Na yi kamar ban gane ba, don na gaji da zama ba takarda, na so ke ki samu ko ta wace hanya ce. Kin ce ba za ki kalli allonsu ba. Ni da shekaruna ban kai ga faɗin haka ba.

Ki koma makarantarku a yi miki rajista a can. Wannan takardar za ta iya makara, don haka jiya na hau saman tanki na kira Yaya Bappa. "A mayar da ita" kawai nake maimaitawa, shi yana "Me ka ce?", har masu aiki a ƙasa suka haddace suna taya ni. Ya ji daga ƙarshe. Ransa bai yi daɗi ba, ki je shago ki gaishe shi, don ƙaunarki ya yi abin da ya yi.

Nedu ya ce duk zuwan kwalekwale zai rubuta shafi biyu na fiziks, ya fara da tambayar da kika bari fari. Ki kai wa Malama Adenike ta gani, in ta yarda ku bi da su ta gidajen nan naku. Ki gaishe ta, ki ce na gode. Taron iyaye na zangon gaba kuwa ba wakili, da kaina zan je, kuma maganar ban ɗaki da malamin fiziks ba za ta tsaya a rubutawa ba.

Babanki,
Umar Farouk

Ki nuna wa Ummanki wannan. Na je ofis na nemi hutu a Janairu, an duba mini kwanakin da na tara. Sha huɗu na bara da ban ci ba, shida na Lahadin da na tsaya wa masu zuwa coci, uku na Babbar Sallah da na yi a sito. Ashirin da uku ke nan. Hanya za ta ci huɗu, zuwa da dawowa. Saura kwana goma sha tara a gida.